Araha ba ta ado: haɗarin aika kaya waje ba tare da lambar bin sawu ba

Shekaru kaɗan da suka wuce, idan baduku a Damagaram ya gama ɗinka jakunkunansa, ko maƙerin azurfa a Agadas ya gama ƙera sarƙoƙinsa, ba ya da abin yi sai jiran baƙi masu yawon buɗe ido, ko kuwa ya danƙa wa dillali kayan ya kai masa Yamai. Yanzu wayar salula ta gajarta wannan tafiya. Hoto ɗaya da aka saka a Facebook ko WhatsApp ya isa ya jawo ciniki daga Liyon ko Montireyal. Ba masu sana'ar hannu kaɗai ba, har ma'aikatan gwamnati, maza da mata, sun shiga wannan kasuwa domin su cike giɓin albashi. A yi ciniki, kuɗi su shigo, kowa ya yi murna. Amma fa cinikin nesa bai ƙare ba sai ranar da kaya suka shiga hannun mai su, kuma tsakanin tagar posta da ƙofar gidan mai saye akwai doguwar tafiya wadda ba kowa ne ke lissafi da ita ba.

A gaban ma'aikacin posta ko na kamfanin jigila, farashi biyu akan faɗa wa mai aikawa: ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai tsada, wanda wani lokaci yakan ninka na farko. Ɗan kasuwa kuwa, da ma an san shi da neman rangwame, sai ya zaɓi mai sauƙi, tunda a ganinsa jirgi ɗaya ne zai ɗauki saƙonnin biyu. Sau da yawa haka ɗin ne. Abin da aka cire daga farashi mai sauƙi shi ne shaida, wato hanyar da zai iya nuna wa duniya cewa kayansa sun isa. Ranar da rikici ya taso, wannan shaidar ce kaɗai ke magana a madadinsa.

Harufa biyu, lambobi tara, harufa biyu

Saƙonnin posta tsakanin ƙasashe suna tafiya ne bisa ƙa'idojin Ƙungiyar Posta ta Duniya, wato UPU, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874, take kuma da ƙasashe 192 a cikinta, har da Nijar. Bisa waɗannan ƙa'idoji, ƙaramin ƙunshi wanda bai wuce kilo 2 ba ana iya aika shi a sahun wasiƙu. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ƴan kasuwar intanet na duniya suka fi amfani da shi. To amma yarjejeniyar ƙungiyar ta faɗa a sarari cewa posta ba ta da alhakin biyan diyya a kan saƙo na sahun talaka idan ya ɓace, ba a kuma tilasta mata ta buɗe bincike a kansa ba. Wanda ya aika irinsa ya aika ne bisa sa'a.

Saƙon da ake bin sawunsa yana ɗauke da lamba mai alamomi 13: harufa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, sannan harufa biyu a ƙarshe masu nuna ƙasar da ya fito, wato NE ga Nijar, FR ga Faransa, CN ga Sin. Harafin farko shi ke bayyana irin aikin da aka biya. E na saƙon gaggawa ne na EMS, C na babban kwali ne, L na ƙaramin ƙunshi ne da ake bin sawunsa, R kuma na saƙo mai rajista ne. A duk inda saƙon ya sauka, filin jirgi ko ofishin duwan ko gidan posta, ana haska lambar da na'ura, labarin ya hau intanet, mai aikawa da mai karɓa duk su gani.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Ƙaramin ƙunshi na sahun talaka shi ma yanzu ana manna masa lamba mai alamomi 13, amma tana farawa ne da harafin U. An yi ta ne domin aikin duwan, ba wanda ya ɗauki alkawarin haska ta a hanya ko a ranar miƙawa. Mutum yana iya fitowa daga posta da rasit a hannu, da lamba a jikinsa, yana zaton ya tsira, alhali kuwa lambar ba za ta taɓa nuna cewa an karɓi kayan ba. Haka kuma, babban taron da ƙungiyar ta yi a Riyad a 2023 ya yanke shawarar cewa daga farkon 2026 rajista ta takardu ce kawai, haja kuwa sai ta bi hanyar bin sawu. Saboda haka tsohuwar dabarar nan ta cewa a yi wa ƙunshi rajista ba abin dogaro ba ce kuma, sai an tambaya a taga.

Asara ta mai sayarwa ce

A kasuwannin Maraɗi da Tawa, da zarar an sallama, an ɗora kaya a mota, abin da ya same su a hanya yakan zama na mai saye, ko kuma a zauna a yi sulhu a raba asarar. A Turai ba haka doka take ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 a kan haƙƙin masu saye ta ce alhakin kaya yana wuyan ɗan kasuwa har zuwa lokacin da mai saye ya karɓe su da hannunsa. Idan ba a yi wata yarjejeniya daban ba, kwana 30 ne wa'adin isar da kaya, idan kuma aka ƙara wa ɗan kasuwa lokaci bai cika ba, mai saye yana da ikon warware ciniki ya karɓi kuɗinsa. Rasit ɗin posta yana nuna an aika ne kawai, bai nuna an karɓa ba.

Manyan kamfanonin intanet sun gina ƙa'idojinsu a kan wannan tushe. A PayPal, mai saye yana da kwana 180 daga ranar biya ya kai ƙarar cewa kaya ba su iso ba, kuma abin da ake nema daga mai sayarwa shi ne lambar da za a duba a intanet a ga ranar miƙawa da garin da aka miƙa. A eBay, mai saye yana da kwana 30 bayan ranar da aka ƙiyasta isowar kaya, mai sayarwa kuma yana da kwana uku na aiki ya warware matsalar kafin a nemi kamfanin ya shiga tsakani. A eBay ɗin kuma, idan cinikin ya kai dalar Amurka 750, sai an haɗa da sa hannun mai karɓa. Kamfanin Etsy, inda ake baje kolin kayan sana'ar hannu, ya fito da wani tsari a watan Agusta na 2022 wanda a ƙarƙashinsa shi ke mayar wa mai saye kuɗi daga aljihunsa a cinikin da bai wuce dalar Amurka 250 ba, amma daga cikin sharuɗɗan akwai cewa an aika kayan da lambar bin sawu ko da takardar jigilar kamfanin. Ko da ba ta waɗannan kamfanoni aka bi ba, wanda ya biya da katin banki yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin, galibi cikin kwana 120.

Ma'anar wannan duka ita ce, kuɗin da ɗan kasuwa ya gani sun shigo ba su zama nasa ba tukuna. Ana iya janye su bayan wata huɗu ko shida, lokacin da ya riga ya biya baduku, ya sayi fata, ya kashe ribar. Akwai kuma wani ciwo da ya shafi mutanen Nijar musamman. Da yake karɓar kuɗi ta waɗannan hanyoyi daga cikin ƙasar ba abu ne mai sauƙi ba, wasu sukan bi ta asusun ɗan'uwa ko aboki da ke zaune a Faransa ko Amurka. Idan ƙara ta faɗo, daga asusun wannan bawan Allah ake zare kuɗin, sunansa ne ke ɓaci, idan kuma ƙararraki suka yawaita asusunsa ne ake rufewa. Ta haka asarar kaya takan rikiɗe ta zama ɓacin zumunci.

Abu uku masu kama ɗaya

Idan mai saye ya rubuto cewa bai ga komai ba, ɗaya daga cikin abu uku ne ya faru. Ko dai kayan sun ɓace da gaske, ko suna ajiye a ofishin duwan ko gidan posta ana jiran a zo a biya haraji, ko kuwa an karɓe su ana musu. Ga wanda ba ya da lambar bin sawu, duk ukun kamarsu ɗaya, kuma hukuncinsu ɗaya: ya mayar da kuɗi.

Na biyun ya fi ban takaici, domin maganinsa saƙon waya ɗaya ne. Da akwai lamba, da ɗan kasuwa ya ga inda kayan suka tsaya, ya sanar da mai saye ya je ya karɓa kafin wa'adin ajiya ya cika a juyo da su. Babu lamba, sai kwanaki su wuce kowa yana zargin kowa. Na ukun kuwa, yawancin masu saye mutanen kirki ne, amma ɓata-gari sun san ƙa'idar sarai, kuma da ganin ƙunshi ya iso babu wanda ya haska shi sun san ba mai iya ƙaryata su. Ba a ƙin ta mutum a irin wannan shari'a, takarda ake dubawa, wanda ba ya da ita kuma ya faɗi.

Duwan ta daina kau da kai

A da, ƙananan saƙonni sukan wuce iyakokin Turai da Amurka babu mai tambaya. Wannan zamani ya shuɗe. Tun daga 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke yafewar harajin TVA da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba, wato wajen jika 14, don haka kowace haja tana biyan haraji komai ƙanƙantarta. Tun cikin wannan shekara kuma Turai da Amurka suke neman a aiko musu da bayanin saƙo ta kwamfuta kafin ya iso: sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, abin da ke ciki, da darajarsa. Saƙon da bayaninsa bai cika ba ana iya tsare shi ko a juyo da shi.

Amurka ta ƙara gaba. A ranar 29 ga Agusta 2025 ta dakatar da yafewar kuɗin duwan da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba, ga dukan ƙasashe. Ƙungiyar UPU ta ba da sanarwar cewa a wannan rana saƙonnin posta masu shiga Amurka sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma hukumomin posta 88 sun dakatar da aikawa can, gaba ɗaya ko wani sashe. A Disamba 2025 ƙasashen Tarayyar Turai su ma suka amince da ɗora harajin yuro 3 a kan ƙananan kayan da ba su kai yuro 150 ba, daga Yuli 2026. Kowane sabon shinge wuri ne da saƙo zai iya tsayawa, kuma saƙon da ba a bin sawunsa idan ya tsaya ba wanda zai san inda ya tsaya.

Takardar duwan da ake mannawa a jikin ƙunshi ita ma ba abin wasa ba ce. CN22 ta kayan da ba su wuce DTS 300 ba ce, wato wajen jika 230 a kuɗin sefa, abin da ya haura haka kuma sai CN23. Wasu sukan rubuta cewa kyauta ce, ko su rage darajar kayan, domin su sauƙaƙa wa mai saye haraji. Wannan dabara mai ita take ci, domin posta ba ta biyan diyyar abin da duwan ta kama saboda bayanin ƙarya. Akwai kuma kayan da ko da lamba ba za su wuce ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigar da nama da kayan madara a saƙon posta na mutane daga ƙasashe irin su Nijar, don haka kilishi da cuku ƙarshensu kwacewa ne. Jaka ko takalmi na fatar mesa, ko kada, ko guza, suna buƙatar takardar izini ta yarjejeniyar CITES mai kare namun daji. Turare mai sinadarin da ke kama wuta kuwa ba a yarda ya shiga jakar posta ta jirgin sama ba.

Bayan wannan, Nijar ba ta da bakin teku, kuma hanyoyinta na iya toshewa dare ɗaya. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakoki, aka rufe sararin samaniya na kusan wata guda, kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan hali, mai lamba yana iya nuna wa abokin cinikinsa inda kayan suka maƙale ya roƙi haƙuri. Marar lamba ba ya da abin nunawa sai rantsuwa.

To, ƴan Sin fa?

Akwai tambayar da ke zuwa bakin kowa: in har haɗarin ya kai haka, yaya ƴan kasuwar Sin suka cika duniya da ƙananan saƙonni, wasu ma kyauta suke aikawa? Amsar tana da rassa biyu. Na farko, tun daga taron Tokiyo na 1969 aka tsara kuɗin da postar ƙasar da ta aika take biyan postar ƙasar da ta raba saƙo, kuma an daɗe ana lissafa Sin cikin ƙasashe masu tasowa, masu biyan kaɗan. Wannan ne ya sa Amurka ta yi barazanar ficewa daga UPU a 2018, har aka yi taron gaggawa a Janiba a Satumba 2019 aka ba ta damar yanka nata farashi daga Yuli 2020. Na biyu kuma shi ne yawa. Hukumar Tarayyar Turai ta ce a 2024 ƙananan kaya biliyan 4.6 suka shigo mata, kashi 91 cikin 100 daga Sin. Mai aika dubban saƙonni a rana, kowane na ƴan daloli, ya riga ya zuba asara a cikin farashi, idan ɗaya ya ɓace sai ya aika wani. Mai aika jaka biyar a wata, kowace ta ci aikin mako guda, ba sahunsu ɗaya ba.

Wannan darasi ya shafi har masu yin odar kaya daga Sin su sayar a Yamai ko Maraɗi ta WhatsApp. Wanda ya karɓi kuɗin kafin alƙalami a hannun abokan aikinsa, sannan ya zaɓi jigila mafi araha, shi zai riƙa haɗuwa da su kowace safiya a ofis, ba ya da abin da zai gaya musu.

Lissafin da ya kamata a yi

Ba a ce duk abin da za a aika sai an biya masa mafi tsada ba. Magana ce ta lissafi, ɗan kasuwa kuwa ba a koya masa lissafi. A ɗauka, don misali kawai, jaka ce ta jika 40, aikawa ta araha jika 5, mai bin sawu jika 12. Abin da aka tsimi jika 7 ne. Idan saƙo ɗaya ya salwanta, an yi asarar jika 45, wato ya cinye tsimin saƙo shida har da ɗori. A irin wannan haja araha ba ta da riba. Amma idan zobe ne na jika 3, wanda kuɗin bin sawu ya fi shi tsada, ana iya aika shi a sahun talaka, muddin an san caca ce, an kuma ƙara wani abu a farashi domin ranar asara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai dai bin sawu daban, diyya daban. Bisa ƙa'idar UPU, diyyar kwalin posta da ya ɓace ba ta wuce DTS 40 da ƙarin 4.5 a kan kowane kilo ba, wato kwali mai kilo 3 diyyarsa wajen jika 40 ce, ko da kayan jika 300 ne a ciki. Kaya masu daraja suna buƙatar asirans, wato inshora, bisa ainihin kuɗinsu. Wa'adin shigar da ƙorafi a posta kuma wata shida ne daga kashegarin ranar aikawa, wanda ya makara ya rasa.

Akwai kuma hanyar matafiya masu sayar da kilon jakarsu, waɗanda ake kira GP. Tana da sauri, tana da araha, kuma ta yi kama da tsohuwar al'adar fatake ta ba da saƙo bisa amana. Tsakanin dangi da sanannu tana aiki. Amma a gaban banki ko kamfanin intanet, cewa an ba wani matafiyi ba hujja ba ce. A zamanin ayari, madugu da mai masauki da dillali duk sun san juna, kowa shaidar kowa ne. Mai saye na intanet bai san kowa ba, kuma bai da unguwar da za a je a kai ƙararsa.

Saboda haka, kafin a bar taga, a tambayi ma'aikaci ko lambar tana aiki har ƙasar da za a kai, ba iyakar filin jirgin Yamai ba, a kuma dubi harafinta na farko. A ɗauki hoton kayan da na kwalin da na rasit. A rubuta adireshi daidai yadda yake a takardar ciniki, haɗe da lambar wayar mai karɓa, a tura masa lambar bin sawu tun ranar. A faɗi gaskiya a takardar duwan, a kuma sanar da mai saye tun kafin a sallama cewa akwai harajin da zai iya biya a can. Kuɗin jigila a bayyana masa shi a fili. Wanda ke son jakar Damagaram da gaske zai biya, wanda ya ƙi kuma gara a rabu tun kaya suna hannu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da saƙon mai saye ya shigo cewa kaya ba su iso ba, lokacin sayen lamba ya riga ya wuce.